Wace kalma za mu ba "orchestra" da Hausa?

1/ Masu fassara, 'yan jarida, malaman Hausa, ku matso. Kalmar orchestra ta daɗe tana ba mu wuya, kuma a labaran lokacin korona aka fi cin karo da ita. Wani ya rubuta ƙungiyar mawaƙa, wani makaɗan Turawa, wani ya bar ta da Turancinta ya yi gaba. Shawarata ita ce a ce rundunar makaɗa. Ga dalilina.

2/ Mawaƙa dai a cire su tun yanzu, don galibi ba mai buɗe baki a wurin. Mutum tamanin ne zuwa ɗari a zaune, kowa da takardar kiɗa a gabansa, an raba su gida huɗu. Masu tsirkiya, dangin goge, su ne a gaba kuma sun fi rabi, tun daga ƙaramin da ake maƙalewa a kafaɗa har ƙaton da ake kafawa a ƙasa. Bayansu masu busa dangin algaita da sarewa, sai masu busa na tagulla dangin kakaki, sai masu ganguna can ƙarshe. Gabansu duka mutum ɗaya ne a tsaye da 'yar sanda, shi bai kaɗa komai, amma ba mai fara sauti sai ya ɗaga hannu.

3/ Annobar ce ta nuna ainihin abin, shi ya sa nake auna kalmar da ita. Sana'a ce da ba ta yiwuwa sai mutum ɗari sun zauna kafaɗa da kafaɗa a rufaffen zaure, wasu na fesa numfashi ta bututu, ga 'yan kallo dubu biyu. Duk abin da likitoci suka hana, shi ne ita.

Ranar 12 ga Maris 2020 makaɗan Berlin a Jamus suka hau dandamali, Simon Rattle a gabansu, kujeru fayau ba kowa. Aka watsa kai tsaye ta intanet kyauta. Su sun yi sa'a, tun 2008 suke da tasharsu ta intanet mai suna Digital Concert Hall, sai kawai suka buɗe ta wata guda ba kuɗi. Ba a jima ba ma zaman nasu ya gagara, kowa ya koma gida.

4/ Nan aka shiga dabara. A cikin Maris ɗin makaɗan Rotterdam a Holan suka fitar da bidiyon wani yanki na kiɗan Beethoven, shahararren mai tsara kiɗa na Jamus, kowa a ɗakinsa. Na ƙasar Faransa su ma suka yi nasu da mutum kusan hamsin. Mai kallo zai zaci tare suke kaɗawa. Ba tare ba ne. Intanet na da ɗan jinkiri, kuma a wannan kiɗan jinkirin ƙiftawar ido ya isa ya ɓata komai. Abin da suke yi, kowa ya sa abin ji a kunne yana bin bugu ɗaya da aka tura masa, ya jingina wayarsa da littattafai, ya ɗauki kansa shi kaɗai, ga kayan wanki ko tukunyar fure a bayansa. Daga baya mai haɗa sauti ya zauna ya ɗinke guntayen. Kiɗa ya fito da daɗi, amma ba wanda ya ji na kusa da shi lokacin da yake yi, alhali sauraren juna shi ne rabin aikin.

5/ To, mu koma kan kalma. Wani malami a nan ya kawo badujala. Allah ya ƙara sani, Malam, kalmar tamu ce kuma tana da farin jini, sai dai tana da masu ita. Da ka ce badujala, Bahaushe ya hango 'yan sanda ko soja cikin kaki ranar faretin, ana busa ana taku. Babu goge ko ɗaya a ciki, kuma a tafe ake yi. Nan kuwa masu tsirkiya ne ƙashin baya, a zaune kuma.

6/ Ƙungiyar makaɗa ita aka fi amfani da ita, kuma ita na fi jin tsoro. Tana ɗaukar komai. Mawaƙi da masu kalangu uku da 'yan amshi ƙungiya ne. Masu shugaba da sakatare da katin rajista su ma ƙungiyar makaɗa ne. Ga misali daga annobar: a Yunin 2020 gidan wasa na Liceu a Barcelona ta ƙasar Sifen ya cika kujerunsa da tukwanen tsirrai 2,292, mutum huɗu masu tsirkiya suka kaɗa musu, daga baya aka raba tsirran ga ma'aikatan asibiti. In ka kira waɗannan huɗun ƙungiya, ka kira ɗarin Berlin ƙungiya, mai karatu bai san bambancinsu ba, kuma bambancin shi ne labarin.

7/ Gungu ba tsari. Taro ya haɗa har 'yan kallo. Ayari ya yi daɗin faɗa, sai dai ayari tafiya yake, waɗannan kuwa gida ne da su, wasu sun haura shekara ɗari a gari ɗaya.

8/ Runduna ta ƙunshi abu uku da nake nema: yawa, rabuwa kashi-kashi kowane kashi da shugabansa, da bin umarnin mutum ɗaya. Ku gwada ta a jimla ku ji. Ranar 1 ga Mayu 2020 an yi wasan shekara-shekara na makaɗan Berlin, wanda da a Tel Aviv za a yi. Dokar tazara ta sa mutum goma sha biyar kawai suka samu zama a dandamalin, nesa da juna, Kirill Petrenko na ja musu gora, suka kaɗa wani aikin mai tsara kiɗa Mahler da aka rage don 'yan tsirarun makaɗa su iya kaɗa shi. Da Hausa sai a ce: runduna ta gagara taruwa, aka fito da ƙaramin rukuni daga cikinta. Ba sai an yi ƙarin bayani ba.

Haka a New York, inda daga ƙarshen Agustan 2020 ake ɗaukar mutum biyu ko uku da motar a-kori-kura a tsaya a bakin titi a kaɗa wa masu wucewa: 'yan runduna ne, ba rundunar ba. A Vienna kuwa, ranar 1 ga Janairu 2021, rundunar ce cif ta zauna wasan sabuwar shekara, Riccardo Muti na ja musu gora, 'yan kallo ne babu.

9/ Wata 'yar'uwa ta ce an bar mabusa a baya, tunda busa daban kiɗa daban. Gaskiyarki, Hajiya, ba a kaɗa algaita. Amma in aka ce makaɗan fada sun iso, ba wanda ke tsammanin an baro mai kakaki da mai algaita a gida. A bakin mutane makaɗa ta riga ta rufe su. Rundunar makaɗa da mabusa daidai ne, tsawo ne ya yi yawa, kanun labari ba zai ɗauka ba.

Masu cewa runduna ta yi warin soja su ma ina jin su. Sai dai muna cewa wane ya zo da 'ya'ya runduna guda, ba mai neman bindiga a hannunsu.

10/ Aro fa? Larabawa da masu Swahili sun ari kalmar yadda take, mu ma okestira ba za ta karya harshe ba. Tono asalinta ba zai taimaka ba, don a tsohon Girkanci sunan filin da ake rawa ne a gaban dandamalin wasan kwaikwayo. Matsalar aro a nan, wanda bai taɓa ganin abin ba, okestira ba ta zana masa komai. Ni dai zan rubuta rundunar makaɗa, jam'i rundunonin makaɗa, suna kuma Rundunar Makaɗan Berlin. Okestira a ajiye ta inda wuri ya ƙure.

11/ Saura mutumin nan na gaba. Sarkin makaɗa bai dace ba, don sarauta ce, kuma shi yakan kaɗa da hannunsa. Madugu ya tafi tare da ayari. Jagora ta zauna daidai, ga shi kuwa da sanda a hannu yake aikin: jagoran runduna. Wanda ke da wadda ta fi wannan ya kawo ta cikin jimla, mu ji yadda take a baki.