Kujerun katako irin na Craftsman: a ina zan samu masu sauƙin kuɗi a Jidda?

Baƙon_Safa:

Assalamu alaikum jama'ar gida. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka daɗe a Jidda ko suka san harkar katako. Mun kama shagga, wato gidan haya a bene, a unguwar Hayyus Safa, iyali za su iso bayan babbar sallah in sha Allah, falon kuma ba komai ciki sai mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da kafet. To ni akwai wani irin kayan katako da ya daɗe yana burge ni, wanda a Amurka suke kira Craftsman, wasu su ce Mission, kujera ce mai faffaɗan hannu, gefenta siraran katakai ne a tsaye a jere, ba sassaƙa ba ruwan gwal, katako ne zalla launin ƙasa mai duhu sai kushin na fata. Na zaga shaguna har na gaji, ko dai ka samu masu sassaƙa da walƙiya irin na Dumyat ɗin Masar, ko na MDF, allon garin katakon nan da ake matsewa, da aka lulluɓe da leda. Na duba a intanet kamfanin Stickley na jihar New York har yau suna yin su, amma kujera ɗaya dubban daloli ce, ka buga da 3.75 ka mai da su riyal, ka sa kuɗin jirgi da kwastan da dariba, wato haraji, 15%, wlh kafin ta iso Jidda ta cinye kuɗin hayar wata da watanni. Abin da na ware riyal 6,000 ne, ina son kujera biyu masu kishingiɗa, doguwa ɗaya da ƙaramin tebur. Ba sai na asali ba, kwaikwayo ma ya isa in dai katakon gaske ne. Ina zan nufa?

'Yar_Misfala:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya kawo iyali lafiya. Ka fara leƙa Haraj Sawarikh, kasuwar kayan gwanjon nan can kudancin Jidda, kafin ka kashe ko riyal ɗaya, ka je bayan la'asar lokacin da kasuwa ta buɗe sosai. Turawa da sauran baƙi da ke zaune a kamfawun in za su tafi gaba ɗaya ba sa ɗaukar kaya masu nauyi, nan suke ƙarewa, wani lokaci ka ga tebur na katako mai kyau an jingine shi cikin tarkace mai shagon ma bai damu da shi ba. Amma fa sa'a ce, ba za ka samu saiti guda da ya dace da juna ba, yau tebur, wata mai zuwa kujera. Ka duba manhajar Haraj ma, ka rubuta da larabci "khashab sindiyan" ko "khashab tabi'i". Kuma duk abin da ka saya ka cire kushin ɗin ka yar ka yi sabo, saboda kuɗin cizo, in suka shiga gida sai Allah.

Injiniya_Yanbu:

Malam ni ina ganin ka daina neman shago, ka nemi kafinta. Dalili kuwa, wannan salon tun asalinsa an yi shi ne don ya zama mai sauƙin yi. Gustav Stickley ya fara fitar da shi wajen 1900 a kusa da Syracuse, ya ɗauko tunanin daga su William Morris na Ingila waɗanda suka gaji da kayan inji masu ado barkatai, shi ya sa ma kujerar kishingiɗar nan ake ce mata kujerar Morris. Mujallarsa The Craftsman ta fito daga 1901 zuwa 1916, kuma a cikinta yana buga zanen kayan da awonsu don mutum ya yi da kansa a gida. Shi kansa ya karye a 1915, amma zanen suna nan, Jami'ar Wisconsin ta sa mujallar a intanet kyauta. Ka sauko da zanen, ka mai da inci zuwa santimita (inci ɗaya 2.54 ne, kar ka bar wa kafinta wannan lissafin), ka buga a takarda ka kai warsha. Layi ne miƙaƙƙe duk, ba lanƙwasa ba sassaƙa, duk kafintan da ya iya ƙofa mai kyau zai iya.

Abin da ke sa na asali tsada katakon ne. Farin oak suke amfani da shi, wanda larabawa ke ce wa sindiyan, kuma ba yankan falanki na kullum ba, ana raba gungumen gida huɗu ne sannan a yanka, shi ne yake fito da wannan zanen mai ƙyalli a jikin katakon kuma ba ya saurin banƙarewa. Launin ma ba fenti ba ne, turara shi suke da hayaƙin amoniya a rufaffen ɗaki ya yi duhu. Wannan kam kar ka bari wani ya gwada maka a warsha, amoniyar tana ƙona ido da huhu, akwai sitan na gwangwani da zai ba ka launi kusa da haka.

Tsohon_Kafinta:

Salamu alaikum. Ɗana, injiniya ya faɗi gaskiya amma bari in ƙara maka abin da ba ya cikin takarda, don ni sana'ata ce tun ina saurayi a Kano har na zo ƙasar nan na yi ta a sina'iyya. Kuɗin da ka faɗa ba zai yi maka kaya huɗu da sindiyan zalla ba, kar wani ya ruɗe ka, wanda ya ce zai yi a haka to ƙishra, wato siririn ɓawon katako, zai manna maka a kan MDF ko allon latiya ya ce sindiyan ne. Ita ƙishra ba laifi ba ce in an gaya maka gaskiya, a bayan kabad ko gefensa tana da amfani, amma ƙafa da hannun kujera dole katako ne cikakke.

Ga yadda za ka yi. Ka je wajen masu sayar da katako da kanka tare da kafintan, kai ka biya kuɗin katako shi ka biya shi kuɗin hannu, ka tambaya busasshen tanda ne ko a'a, in suna da na'urar awon laima su ɗora maka ka gani, kada ya wuce 10, in ka samu 8 ya fi. Jidda gari ne na rutuba, wato laima, warsha a buɗe take iska ta teku na shiga, kai kuma gidanka mukayyif dare da rana, in katako bai bushe ba wata uku za ka ji yana ƙara da dare, haɗin ya saki, saman tebur ya tsage. In sindiyan ya yi tsada ka tambayi jan sindiyan ko katakon da ake kira dardar, dukansu suna da jijiya a buɗe, in sun sha sitan sai wanda ya sani ne zai bambance.

Sai haɗi, nan ne duk maganar take. Ka ce masa nagar wa lisan kake so, wato a fafe rami a ƙafa, a fitar da harshe a jikin sandar, a shigar da gam, a soke da turun katako. Ba sukuru ba, ba ƙusar bindiga ba. A wannan salon harshen yana ratsa ƙafar ne ya leƙo ta waje, to masu wayo sai su ɗaure da sukuru ta ciki su yanko ɗan guntun katako su manna a waje kamar harshe ne ya fito. Hanyar kama su ɗaya ce, ka je warsha ranar da za a haɗa kafin a sa gam, ka ce a zare maka ɗaya ka gani da idonka. Kafinta mai gaskiya ba zai ji haushi ba, daɗi ma zai ji an san aikinsa. Arbun kuma, wato kuɗin kafin alƙalami, kar ya wuce kashi ɗaya cikin uku, ku rubuta awo da irin katako da ranar karɓa a takarda kowa ya sa hannu, ko ɗan'uwanka ne.

Ɗan_Maiurno:

Baba Allah ya ƙara lafiya, amma ni ban yarda sai sindiyan ko danginsa ba. Mu a Sudan angarib ɗinmu, wato gadonmu na gargajiya, da wannan haɗin na rami da harshe ake yin sa, da sunut ko mahogani, ba ƙusa ko ɗaya, kuma kaka ta bar wa jika. Mutanen Amurka oak suka samu a dajinsu shi ya sa suka yi da shi. A nan Saudiyya katakon da ake kira zan, wato beech, shi ne ya cika kasuwa, yana da ƙarfi, kafintoci sun saba da shi kuma ya fi sauƙi, me zai hana ya yi da zan ya samu kayansa huɗu cif? Ni a Riyad nake, in ka zo ka leƙa Haraj bin Gasim, tsofaffin ƙofofi da gadajen katako ana samu da arha, a warware su a fere a yi sabon abu, katakon da ya shekara ashirin a ɗaki ya riga ya bushe sosai.

Tsohon_Kafinta:

Ɗan Maiurno maganar tsohon katako ka yi daidai ƙwarai, sai dai a duba ramukan gara da ƙusoshin da suka ɓuya ciki don suna karya wuƙar inji, wasu warsha ma ba sa karɓa saboda haka. Amma zan kam Riyad daban Jidda daban. Ku can busasshen gari ne, nan kuwa zan yana shan laima yana kumbura yana komawa fiye da sindiyan, kuma fuskarsa sumul take, in ka sa masa sitan mai duhu sai ya yi dabbare-dabbare. Ƙarfi yana da shi ban musa ba. Amma yaron nan kamannin yake so, zan ba zai ba shi ba.

Baƙon_Safa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Hajiya da injiniya da Ɗan Maiurno, Baba Allah ya ƙara girma. Gsky na fahimci abin yanzu, mun yi magana da uwargida ta waya ta ce ita dama majalisa irin ta shimfiɗa a ƙasa ta fi so saboda baƙi da yara, to inaga za mu shimfiɗa majalisa a gefe biyu, kuɗin ya tafi kan kujerar Morris ɗaya da tebur na sindiyan na gaske, doguwar ta jira sai shekara mai zuwa. Ranar Juma'a bayan la'asar zan shiga Sawarikh ko Allah zai sa in dace da teburin. Baba saura tambaya ɗaya, kushin ɗin fata ta gaske zan sa ko ta roba? Kuma shaggar a hawa na uku take ba lifta.

Tsohon_Kafinta:

Ta roba a zafin nan ɓarewa take tana zuba, kar ka fara. In fata ta gaske ta fi ƙarfinka yanzu ka sa yadi mai kauri launin ƙasa da zif wanda za a cire a wanke, kushin ɗin kujerar Morris ba a kafe yake ba, ɗora shi ake, duk ranar da ka samu hali sai ka sake riga kawai, soson dai ka sayi mai tauri. Hawa na uku kuma ka auna faɗin ƙofarka da kwanar matakala kafin a yanka katako, kujerar nan hannunta faɗi gare shi kuma tana da nauyi sosai, amma bayanta a kan turu yake juyawa, ana zare shi a hau da shi daban. Ka gaya wa mai dabbab, ƙaramar motar ɗaukar kayan nan, tun a waya ya zo da mutum biyu da bargo.