In Banki Ya Ƙi Biyan Kuɗi da Katinka a Intanet

Abin da masu sayayya ta intanet suka fi haɗuwa a kai game da wannan matsala shi ne: kati in ya ƙi, kada ka yi ta dannawa. Na'urar banki tana lura da yadda ka saba kashe kuɗi. In mai sayen katin waya na dubu biyu ya tashi da tsakar dare zai biya dubu ɗari huɗu a wani shagon waje, sai ta ɗauka ɓarawo ne. Kana ƙara gwadawa, zarginta na ƙaruwa, ƙarshenta a toshe katin, sai ka je ka bi layi a banki.

Suka ce ka fara duba manhajar bankinka, ko biya ta intanet a kashe yake, ko ka wuce iyakar kuɗin da aka ƙayyade maka a rana. Masu kunna VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda mutum yake a intanet, su kashe shi.

Wani lokaci a cire kuɗin alhali cinikin bai faɗa ba. Tun 2020 Babban Bankin Najeriya ya ce a warware irin wannan cikin awa 72. Ka ajiye saƙon cirar, ka kai wa bankinka ƙorafi a rubuce. In an yi mako biyu shiru, ka kai sashen kare masu hulɗa na Babban Bankin.

Inda na fi ganin haɗari shi ne kiran da ke biyo baya. Wani zai bugo da ladabi, "Ranka ya daɗe, daga banki ne, karanto mana lambar OTP mu buɗe maka katin." Banki ba ya tambayar PIN ko OTP, wato lambar sirri ta amfani sau ɗaya da ake turo maka a waya. Katse, ka kira lambar da ke bayan katinka.