Shugabanmu yana fifita 'yan garinsu a wurin aiki, ina zan kai ƙara?

Assalamu alaikum. Ina aiki da wata ƙungiyar agaji a ƙauyukan Kafin Hausa da Auyo tun bayan ambaliyar 2022, a ɓangaren yara masu tamowa. Mu ne ke auna damtsen yara da tef ɗin nan mai ja da ruwan ɗorawa da kore, mu raba Plumpy'Nut (abincin gyaɗa na musamman da ake ba yara masu tamowa), mu cike fom.

Matsalar ita ce mai kula da mu. Duk horon da za a yi a Dutse ko Kano, wanda ake biyan kuɗin kwana, sunan ƙanin matarsa da 'yan garinsu ne a takarda. Ƙauyukan da sai an shiga kwalekwale ko an tura babur cikin taɓo kuwa, mu ake aikawa. Kwanan nan gurbin mataimakin jami'i ya buɗe, ba a manna sanarwa ba, sai gani muka yi an kawo wani wanda ko tef ɗin bai iya karantawa ba.

Na same shi a keɓe, ya ce in yi haƙuri. Na jefa takarda a akwatin ƙorafi, ashe makullin yana aljihunsa. Na kira sashen kula da ma'aikata a babban ofis, suka mayar masa da maganar wai ya duba. Tun daga nan ko gaisuwata ba ya amsawa, ga shi kwantiragina na wata 6 zai ƙare a Disamba.

Don Allah masu sani, in ya ƙi sabunta mini saboda wannan ƙorafin, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Kano za ta saurari ma'aikacin kwantiragi irina?