Ƙara a ƙafar gaba ta Hilux ɗina, ku taimaka

Mai Hilux: Salam 'yan uwa, wallahi abin nan ya dame ni. Duk sanda na faɗa rami ko na hau gargada sai in ji gwaf-gwaf ta gaba ɓangaren hagu, amma a kwalta mai kyau shiru kake ji. Na canza shokozoba biyun gaba, ƙarar na nan daram.

Tsohon Direba: Malam ai ka yi gaggawa da ka canza shokozoba. Fara duba linkej na stabilaiza (ɗan ƙarfen da ke haɗa ƙafar mota da sandar da ke rage mata tangaɗi a kwana) da bushin ɗinsa (robobin da ke riƙe shi), su suka fi yin wannan ƙarar a ƙananan ramuka.

Bakanike: Oga ɗaga ta da jak, ka kama tayar sama da ƙasa ka jijjiga, in ta yi wasa to bol joyin ne (gaɓar da ke riƙe tayar da ƙafar mota) ko boris, in kuma hagu da dama take wasa tayarod ne (sandar da ke haɗa sitiyari da taya). Sannan ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya a hankali, in ka ji ƙas-ƙas-ƙas shaf ne (sandar da ke juya taya), leƙa robarsa za ka ga ta yage giris ya watsu. Don Allah in bol joyin ne kar ka hau babban titi da ita, yana fita tayar kwanciya take yi.

Mai Hilux: Na ɗaga yanzu, sama da ƙasa take wasa. Na gode yallaɓai, gobe sai gareji in sha Allah.