Ancobin Peru: laifin teku ne ko na taru?

Mai Taru: Jama'a, abin nan ya ishe ni. Duk sanda aka tayar da zancen karyewar kamun ancobi, wani ƙaramin kifin teku, a ƙasar Peru ta Kudancin Amurka a 1972, sai a ce kwaɗayin masunta. To tekun fa? Tsutsar ancobi tana fita daga ƙwai ne da tsayin kamar milimita 3, ba ta iya yi wa ruwa gardama, inda ya kai ta nan za ta. A gaɓar Peru iska ce ke ture ruwan sama, na ƙasa mai sanyi ya taso da abinci. El Nino, wato ɗumamar ruwan saman teku da kan auku a yankin lokaci-lokaci, ya zo, ruwan ɗumi ya danne mai sanyin, tsutsar ta rasa abin ci. Masunci ne ya ɗumama teku?

Malamin Hausa: Ɗan'uwa, tsutsa ka ce? Tsutsa ta ƙuda ce, ta ruɓaɓɓen nama. Ka ce 'ya'yan kifi.

Ɗaliba: Malam, a yi haƙuri, 'ya'yan kifi bai wadatar ba. Na duba ɗaya da madubin ƙara girma: siririn zare garai-garai, baki bai buɗe ba, ido bai yi baƙi ba, ga 'yar jakar gwaiduwa a ƙarƙashin ciki. Ko kusa bai yi kama da uwarsa ba. Gwaiduwar nan kwanaki kaɗan take yi. A 1975 wani masanin kifi, Reuben Lasker, ya nuna a tekun Kalifoniya cewa sai ruwa ya lafa abincinsu ke taruwa wuri guda, guguwa na tasowa abincin ya watse, su mutu da yunwa.

Malamin Hausa: Talibambam ma bai yi kama da kwaɗo ba. Wa kika ji ya ce masa tsutsa?

Baba Dattijo: A 1970 an kama fiye da tan miliyan 12. Mai Taru, wannan ma El Nino ne?

Yaya Babba: Ƙanwata, kin ga abu a madubi sau ɗaya shi ne za ki koya wa Malam Hausa? A gabansa muka yi karatu.

Ɗaliba: Yaya, ban raina kowa ba. Abin da idona ya gani na faɗa.

Mai Taru: Haka kuka yi mini wancan karon, aka bar magana aka koma kan harafi. Yaya Babba, kai duk inda Malam ya sa ƙafa nan kake sawa.

Yaya Babba: Ka janye wannan.

Mai Taru: Ba zan janye ba.

Baba Dattijo: Har yanzu ba a amsa mini tan miliyan 12 ɗin ba.

Yaya Babba: To bari in taƙaita saboda waɗanda suka makara. Mai Taru ya kira 'ya'yan kifi tsutsa, Malam ya gyara masa da hujjar talibambam, ba wanda ya iya ture ta. Ɗaliba ta kawo bayani mai kyau, amma ba a kansa ake magana ba. An tsaya a kan 'ya'yan kifi.