Makarantar 'yata ta ce a zo da riga ruwan lemo, me ake tunawa?

Maman Biyu: Assalamu alaikum. Watanmu takwas a birnin Winnipeg na ƙasar Kanada. Jiya ƙaramar 'yata ta dawo da takarda, wai yara su sa riga ruwan lemo saboda ranar 30 ga Satumba. Da daddare ina yi mata kitso sai ta ce, "Mama, malamarmu ta ce a da ƙwace yara ake yi daga hannun iyayensu." Wallahi sai da hannuna ya tsaya. Don Allah a fayyace mini.

Kawu na Calgary: Wa alaikumussalam, Hajiya. Gaskiya malamar ta faɗa. Gwamnatin Kanada ce ke ba da kuɗi, majami'u na gudanar da makarantun kwana, aka kwashi 'ya'yan mutanen asalin ƙasar kimanin 150,000 aka kai can. A aske musu gashi, a hana su yarensu, ga duka ga yunwa. Dubbai sun mutu, wasu ko gawarsu ba a mayar gida ba. Kuma ba tsohon labari ba ne, sai a shekarun 1990 aka rufe ta ƙarshe. Ita rigar, labarin Phyllis Webstad ne, ɗaya daga cikin yaran da aka kai waɗannan makarantu. A 1973, tana 'yar shekara shida, kakarta ta saya mata sabuwar riga ruwan lemo. Ranar da ta shiga makarantar St. Joseph's Mission aka tuɓe mata ita, ba ta sake ganinta ba.

Yaya Babba: Ya tuna mini da makarantarmu ta kwana, inda ake cin mu tara in an ji Hausa a bakinmu. Amma mu iyayenmu ne suka kai mu, muna kuma komawa gida mu tarar da yarenmu. Nasu ya fi ƙarfin kwatance. Ƙanwata, kada ki tsaya a riga. Hukumar gaskiya da sulhu ta Kanada, wadda ta binciki abin da ya faru a makarantun, ta fitar da shawarwari 94 a 2015, ki tambayi makarantar wanne suke aiki da shi. In sun gayyato dattijo daga mutanen asalin ƙasar ya yi wa yara magana, ki je ki zauna ki saurara.

Maman Biyu: Na gode, Kawu, na gode Yaya. Na sayo riguna biyu, har da tawa. Ta tambaye ni ko an mayar wa yarinyar rigarta, na ce a'a, ta yi shiru har na gama kitson.