Tsofaffin bindigogin ajiya: yaya ake kare su daga tsatsa, kuma ya dace a riƙa harba su?

Baban Hanif:
Assalamu alaikum, malamai. Tambayata kan bindigogin da ake ajiyewa don tarihinsu ce. Guda uku ne, duk da lasisinsu: Lee-Enfield No. 4 ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, da ƙaramar bindigar hannu Luger P08 wadda lambobin sassanta duk suka dace da juna, sai wata tsohuwar bindigar harbin tsuntsaye mai baki biyu ƙirar Ingila. Suna cikin sef, dogayen a jakunkunansu masu soso, Luger ɗin kuma a kubenta na fata. Yanzu ɗigo-ɗigon ja sun fara fitowa a bututun Enfield ɗin. Me ya jawo haka, kuma yaya zan cire shi ba tare da na rage mata daraja ba? Sannan gaskiya ne bindiga tana lalacewa idan ba a harba ta?

Malam Sule Maƙeri:
Wa alaikumus salam, Baban Hanif. Jakar nan da kuben su ne masu laifi, ka fitar da bindigogin daga ciki yau ɗin nan. Soso yana shan danshi ya riƙe shi jikin ƙarfe, fata kuma ban da danshi tana ɗauke da ragowar sinadaran jima masu cin rinin ƙarfe. Jaka ta tafiya ce kawai. Kuben Luger ɗin ma kayan tarihi ne, ka cusa masa takarda marar asid don kada ya lotse, ka ajiye shi daban.

Shi kansa sef ɗin a duba shi. Yawancin masu jure gobara an yi musu rufin ciki da allon jifsam, wanda ke da ruwa a jikinsa, ga shi iska ba ta zagayawa. Ka sayi ƙaramin ma'aunin danshi ka sa a ciki. Abin da ake nema kashi 45 zuwa 50 cikin ɗari ne, zafi kuma wajen digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, kuma kada ya riƙa hawa da sauka. In danshi ya haura 60 tsatsa ta samu ƙofa, in ya yi ƙasa da 35 katako ya fara ƙanƙancewa yana tsagewa. Rabin kilo zuwa kilo ɗaya na silika jel, ƙwayoyin da ke shanye danshi, ya ishi matsakaicin sef, irin mai canza launi in ya ƙoshi. In ya canza sai a gasa shi a oben, digiri 120, awa biyu zuwa uku.

Batun cire tsatsar: da farko ka tabbatar babu harsashi a ciki, ka zare sakatar. Ka zuba man bindiga a wurin ya kwana. Washegari ka goge da tsumman auduga. Abin da ya ƙi fita ka bi shi da soson ƙarfe mafi laushi, mai lamba 0000, jiƙe da mai, hannu sakwa-sakwa, kana goge tsumma kana dubawa. In ka danna, baƙin rinin zai tafi tare da tsatsar. Kada ka kusance ta da sandfefa ko ruwan cire tsatsa mai asid, domin shi wannan rinin wani nau'in tsatsa ne da aka yi da gangan, ruwan ba ya bambancewa. Jar tsatsa mai kaushi ita ce mai ci. Launin ƙasa-ƙasa mai santsi da shekaru suka bari kuwa a ƙyale shi.

Malama Uwani:
Duk abin da Malam Sule ya faɗa haka yake, sai dai ina da ja kan a dogara da mai don doguwar ajiya. Mai yana gangarowa. Bindigar da aka jingine bakinta sama shekara da shekaru, man yana bin bututu ya tsiyaye cikin katako daidai inda ƙota ta haɗu da ƙarfe. Wurin sai ya yi baƙi, ya yi laushi, ranar da aka harba kuma nan ne yake tsagewa. In da hali a kwantar da ita, ko a kifa bakinta ƙasa a kan roba.

Gidajen tarihi kaki suke shafawa a waje, irin su Renaissance Wax da aka samar a Gidan Tarihin Birtaniya a shekarun 1950. A goge tsohon mai tas, a lakaci kakin kamar ƙwayar wake, a shafa siriri, a goge da tsumma mai laushi. Ba ya gudu, ba ya tara ƙura. Mai sai cikin bututu da sassa masu motsi, shi ma tsumma ɗaya mai ɗan laima ya wadatar. A riƙa ɗaukarta da safar hannu, don gumin yatsa gishiri ne, yana iya barin zanensa a ƙarfe cikin 'yan kwanaki. A fito da kowace duk wata uku zuwa shida a duba ta a haske, har ƙarƙashin maɗaurin ƙarfen da ke riƙe katako.

Abin da ya fi ɓata min rai shi ne masu son mayar da tsohuwa sabuwa. A kankare ƙota, a shafa fenti mai ƙyalli, a sake rina ƙarfe, shi ke nan an share tambarin masana'anta da hatimin masu dubawa, waɗanda su ne shaidar asalinta. Ƙotar Enfield da man linsid aka jiƙa ta tun asali. In ta bushe, ɗigo kaɗan a tafin hannu, a murza, bayan minti ashirin a goge rarar. Tsumman kuma a shanya shi a buɗe ko a jefa cikin ruwa, don in aka dunƙule shi yana iya kamawa da wuta da kansa. Haka sukurori: sukundireban da bai cika ramin daidai ba yana yage kan, kuma masu saye kan sukuru suke fara kallo.

Alhaji Na-Taska:
Ɗan'uwa, zama ba ya lalata bindiga in an kula da ita. Sifirin ma yawan matsawa da saki ne ke gajiyar da shi. Don haka harbi zaɓi ne, kuma amsar ta bambanta a kan ukun nan.

Luger ɗin ni dai ban ba da shawarar a harba ta ba. Jamusawa sun buga lambobi biyu na ƙarshe na lambar bindigar a kan ƙananan sassa, har da allurar da ke dukan harsashi da ƙugiyar da ke fizgo kwanso. Waɗannan biyun ne suka fi karyewa, kuma da ɗaya ya karye ta tashi daga mai cikakkun lambobi har abada. Wanda ya nace, ya cire na asalin ya sa na canji, ya guji harsashi mai alamar +P, wato mai ƙarin matsi. Wajen cire katakon mariƙi na hagu ma a yi hattara, gefensa na kusa da makullin kariya yana saurin ɓallewa.

Enfield tana jure harbi, amma maƙerin bindiga ya fara auna tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da mazaunin harsashi. Ma'aunin soja na .303, wato harsashin Enfield, inci 0.064 ne zuwa 0.074. In ta wuce, kwanso na iya tsinkewa gas ya dawo wa mai harbi. A No. 4 gyaran da sauƙi, don kan sakatar iri-iri ne, daga lamba 0 zuwa 3, sai a canza zuwa wanda ya dace. Sai batun tsofaffin harsasan soja: ƙyastun gindin da yawansu yana barin gishiri a bututu, mai kuma ba ya narkar da gishiri. A ranar da aka harba a zuba ruwan zafi ta mazaunin harsashi ya fita ta baki, a busar, sannan a sa mai. In aka bari ya kwana biyu cikin danshi, bututun ya yi ramuka.

Mai baki biyun ita ce abin tsoro. Yawancin tsofaffin ƙirar Ingila mazauninsu inci 2½ ne, wato abin da ake kira milimita 65, harsasan yau kuma galibi milimita 70 ne. Zai shiga lafiya lau, amma in ya buɗe sai matsi ya ƙaru. Ka cire bututun ka duba hatimin gwaji a ƙasansu, ka nemi NP ko NITRO PROOF, shaidar an gwada ta da albarushin zamani. In kuma ka ga zanen murɗe-murɗe a jikin ƙarfen, bututun Damaskas ne na zamanin baƙin albarushi, tsatsa na iya ɓuya a layukan haɗinsa, kada a harba sai ƙwararre ya auna kaurinsa.

Baban Hanif:
Allah ya saka da alheri, na fitar da su. Saura ɗaya: in ajiye su a ɗane ko in danna kunama su sauka?

Malam Sule Maƙeri:
A sauke su, amma ba da dukan banza ba. Enfield, ka riƙe kunama a danne yayin da kake rufe sakata a hankali. Luger, ka ɗan ɗaga gwiwar sakatar, ka danna kunama, ka mayar da ita sannu. Mai baki biyun ka sa mata harsashin roba na gwaji kafin ka danna, don allurarta na iya karyewa in ta daki iska. Kowane daga ciki sai bayan ka leƙa mazaunin da idonka, harsasai kuma a kulle su a wani akwatin daban.